Gahawar Alƙahira da Yayen Halifa

Bazara ce, irin wadda ruwan randa ke yin ɗumi tun da hantsi. Shekarar kuwa ita ce wadda aka hana haya da babur a Kano, hanya duk shingen jami'an tsaro, kowa ya fita sai an bi shi da addu'a har ya dawo. Ba shekarar tafiya ba ce. Amma a cikinta Allah ya rubuta mini ganin Misira, ni da ban taɓa wuce Zariya ba.

Tun da na dawo matan ajinmu na yaƙi da jahilci ba su bar ni na huta ba. Wannan ta ce in ba ta labarin jirgi, waccan ta ce wai da gaske ne na sha gahawar da kofi ɗaya ya kai kuɗin mudun shinkafa, kuma me na ji a cikinta? Malamarmu ta ce tunda hannuna ya faɗa, in zauna in rubuta kowa ta karanta da kanta, in huta da maimaici. To ga shi. In an ga kuskure a yi mini afuwa, da girmana na koyi riƙe biro.

Ba yawon buɗe ido ne ya kai ni ba. 'Yata ta fari, wadda nake ce wa Yayarsu tunda ba a faɗin sunan ɗan fari, tana Alƙahira da mijinta Malam Nasiru, dukansu suna karatun addini. Ta haihu a can, aka mayar wa yaron da sunan Babansu, ana kiransa Halifa. Ya isa yaye, ita kuma ga jarrabawar shekarar ƙarshe ta tunkaro. Sai Babansu da Hajiya Gambo, mahaifiyar Malam Nasiru, suka yanke shawarar in je in ɗauko yaron a yaye shi a Kazaure, ya zauna wajen Hajiya har iyayensa su dawo gaba ɗaya. Dawowar kuwa ba kusa ba, don shi Malam da sauran shekaru a gabansa. Hajiya da kanta ta so zuwa, ciwon gwiwa ya hana ta. Aka kira Yayarsu a waya aka faɗa mata, ta ce to.

Ƙanin Babansu ne ya kai ni Kano a motarsa. Jakar kayana ƙarama ce, buhun tsaraba ne babba: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, kanwa, ga dambun nama da Hajiya ta yi wa ɗanta. Bayan mun wuce Ɗambatta wani soja ya sa aka kwance buhun. Ya leƙa ya ce, "Mama, duk wannan miyar ina za ta?"

Na ce, "Misira, ɗana."

Ya yi dariya. "To a gaida Fir'auna."

Na ce masa ai na ji an ce ya mutu. Da kansa ya ɗaure mini buhun.

A filin jirgi Allah ya haɗa ni da wata 'yar kasuwa, Hajiya Ladidi, mai saro dogayen riguna daga can. Mace ce mai murya, ta san kowace ƙofa. Ta dube ni sau ɗaya ta ce, "Baiwar Allah, yau ne farko ko? Riƙe mayafina." Haka na bi ta kamar raƙumi da akala har cikin jirgi. Ita ta ɗaura mini ɗamarar kujera, ita ta ba ni goro na tauna da kunnuwana suka toshe. Da aka kawo abinci a wani ɗan faranti, komai a rufe a leda, na ci burodin na bar sauran. Ta ce, "Kin biya fa, yana cikin kuɗin tikiti." Ta jawo nawa ta haɗa da nata.

A filin jirgin Alƙahira buhuna ya sake tara mini jama'a. Ma'aikacin ya ɗauki kanwa yana jujjuyawa, ya lasa, ya yamutsa fuska, ya kira abokiyar aikinsa. Ita kuma ta buɗe robar daddawa. Ko numfashi biyu ba ta ja ba ta mayar da murfin, tana kaɗa mini hannu tana cewa, "Yalla, yalla, ya Hagga!" Hajiya Ladidi ta ce wai in yi sauri in wuce ke nan, kuma Hagga shi ne Hajiya a bakinsu. Ban taɓa zuwa Makka ba, amma har na baro ƙasar kowa Hagga yake ce mini. Na ce Allah ya amsa daga bakinsu.

A waje Malam Nasiru ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, Larabawa suna wucewa suna kallonmu. Yayarsu tana bayansa, ta rusuna ta ce, "Inna, sannu da hanya," ta miƙo mini yaron ba tare da ta dube shi ba. Ni ma ban dube ta ba, shi na duba. Na ce, "Au, wannan ne mijin nawa? Duk kai ne ashe, ba kuɗi." Ya kalle ni ya tsala ihu.

Unguwarsu ana ce mata Hayyus Sabi', wato unguwa ta bakwai, ɗalibai sun cika ta. Gidan bene ne, su suna can sama, sai ka taka matakala har gwiwa ta yi magana. Ɗaki ɗaya ne da falo da ɗan madafi wanda mutum biyu ba sa juyawa a ciki. Saboda kunya Malam ya kwashe littattafansa ya koma wajen abokansa 'yan Sakkwato a benen gaba, sai dai ya zo cin abinci. Na ji nauyin hakan, amma ba yadda zan yi.

Abincinsu bai ba ni wahala ba. Da safe wake ne dafaffe har ya narke, a zuba masa mai a ci da wani burodi mai faɗi kamar faifai. Suna da ƙosai, sai dai nasu kore ne a ciki. Akwai wani da ake haɗa shinkafa da taliya da wake a kwano ɗaya, na ce wannan ai garau-garau ne ya je makaranta. Maƙwabciyarsu Ummu Sayyid, wata mai jiki da fara'a, ta aiko mini da miyar da suke alfahari da ita. Ina buɗewa na ga lalo ne tsagwaronsa. Zoɓo ma suna sha. Ni da ita ba mai jin yaren wani, amma mun yi hira sosai da hannu. Ita ta koya mini sayayyar matan bene: a zura kwando da igiya ta taga, mai kaya ya saka, a jawo. Na yi ta tunanin matan kulle na gida, da sun samu wannan dabara da sun huta da neman ɗan aike.

Sau ɗaya na kwafsa. Na sauka da kaina sayen tumatir, na miƙa wa mutumin kuɗi, ya dafa ƙirji yana ture hannuna. Na ce oh, Allah ya yi albarka, na yi masa godiya na hau sama ina yabon karamcin Larabawa. Da na ba Yayarsu labari ta riƙe baki. Ashe al'adarsu ce, mai kaya ya ce bar shi, kai kuma ka nace sai ya karɓa. Ta sauka da gudu ta biya shi. Daga ranar in ya hango ni sai ya dafa ƙirji yana dariya, ni ma in dafa nawa.

Duk wannan ina lura da Yayarsu. A gabana ba ta ɗaukar Halifa sai in za ta ba shi nono, shi ma sai ta juya baya. In ya yi kuka ta ce, "Inna, ga mutuminki nan." Raina ya yi daɗi, na ce ƙasar waje ba ta cire mata kunya ba. Sai dai abinci ba ta ci sosai, kuma jakar kayansa da za mu tafi da ita kullum sai ta zazzage ta sake shiryawa.

Abin da ban zata ba shi ne ɗauke wuta. Na ɗauka mu kaɗai aka sani da shi. A shekarar kullum sai an ɗauke, in kuwa aka ɗauke da rana ɗakin nan na sama sai ya koma tanda. To a nan maganar gahawa ta shigo. Akwai wasu shagunan shan gahawa masu rassa ko'ina a birnin, suna ɗaya, kujeru iri ɗaya, har rigar ma'aikatan iri ɗaya. Suna da injin wuta da na'urar sanyaya ɗaki. In wuta ta tafi Yayarsu takan ɗauki littafi ta je wanda ke bakin babban titi ta yi karatu.

Wata rana ina madafi ina kaɗa kuka na ji su a falo, don bangon gidan ba ya riƙe sirri. Malam yana cewa, "Sun sake ƙarawa fa. Tun shigowar shekarar nan ƙari na biyu ke nan. Abin da kike ba su a kofi ɗaya zai yi mana karin kumallon kwana da kwanaki."

Ta ce, "Na sani, Malam."

"Ga shayi nan a bakin titi, kusan kyauta."

"Wajen da maza ke busa hayaƙi suna buga dara? Ka taɓa ganin mace a zaune a can? In je in zauna da hijabina?"

Ya ce, "Khalas, shi ke nan, ni dai na faɗa. Kuɗin tallafin karatun nan ba ƙaruwa yake ba."

A raina na goyi bayan Malam. Ruwan zafi ne fa da gari.

Da takardun tafiyar Halifa suka fito, muka je unguwar Muhandisin yi wa wata mata godiya, Madam Rifkatu, 'yar Zuru, wadda mijinta ke aiki a ofishin jakadancinmu, shi ya taimaka. Muka hau bas zuwa Abbasiyya, daga nan muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda ke da taragon mata zalla. Wannan tsari ya burge ni. A hanya na ga shagon gahawar nan a wuri uku, har na tambaya ko ɓata muka yi muna zagaye. Madam Rifkatu ta yi mana tuwon shinkafa, muka yi Hausa har muka gaji. Da maganar shagunan ta taso ta ce, "Mama, mu da ake biya da dala ma mun fara ja da baya. Da can ka sayi kofi ɗaya ka wuni. Yanzu sun kafa doka, duk wanda ya zauna sai ya ci na wani adadi. Kuɗinsu ne ke faɗuwa, komai na shagon kuma daga waje ake kawo shi." Ta dubi Halifa ta ce, "Ashe ɗan saurayin tafiya zai yi. Uwar za ta iya kuwa?" Yayarsu ta ce bari ta kai kwanuka madafi.

Ana saura 'yan kwanaki mu tashi, wuta ta tafi tun kafin azahar. Halifa ya yi ta kuka, ƙurajen zafi sun feso masa a wuya. Na goya shi ina jijjigawa, gumi na bin bayana. Yayarsu ta tsaya a ƙofa da littafi a hannu ta ce, "Inna, ko za ki raka ni? Ya sha sanyi ko ya yi barci." Don yaron na yarda.

Ana tura ƙofar gilashin sanyi ya buge ni kamar na buɗe firji. Wurin yana ƙamshi irin na gyaɗar da ta ɗan ƙone a suya. Samari da 'yan mata ne zaune, kowa da kwamfutarsa, ba mai kallon wani. Na yi sallama, wata yarinya guda ta amsa. A bango akwai allon farashi, na ga an liƙa 'yan fararen takardu a kan tsofaffin lambobin, wani wurin ma takarda a kan takarda. Lamba dai ko ta Larabawa ce na gane ta hau. Yayarsu ta yi magana da ma'aikacin ta biya. Na matsa kusa da ita na ce, "Kin taya kuwa?"

Ta ce, "Inna, nan ba a tayi."

"Shi ma ba zai dafa ƙirji ba?"

Ta yi dariya har ta rufe baki da littafi. Rabon da in ji dariyarta tun tana budurwa.

Aka kawo mini gahawa da madara, an zana ganye a kan kumfar, har na ji tausayin ɓata shi. Na kurɓa. Jama'a, jiƙon maɗaci ne aka yi wa kwalliya. Sai da na juye 'yan ƙullin sukari uku kafin ta shawu. Ita ta karɓi shayi da wani yankin alkaki nasu, don a cika adadin da dokar ta ce.

Teburin na mutum biyu ne, kujera tana kallon kujera. Wannan ya fi ɗacin gahawar damuna. Tun da na haife ta ban taɓa zama gaba da gaba da ita haka ba. A gida in za mu yi magana ina tsintar shinkafa ne ko ina ninke kaya, ita tana gefe, maganar ma ta aike ce. A nan kuwa ba abin da hannuna zai yi sai riƙon kofi.

Halifa ya yi barci. Na kwance shi na shimfiɗa shi a doguwar kujerar da take kai. Ta buɗe littafi tana karatu, leɓenta na motsi. Can sai na ga hannunta ya tafi kansa yana shafawa, idonta na kan littafin. Jim kaɗan ta sunkuya ta sa hancinta a wuyansa ta shaƙa, ta daɗe a haka. Ta manta ina wurin. Da ta ɗago muka haɗa ido, sai ta janye hannun kamar ta taɓa wuta. Na mayar da idona cikin kofi.

Injin niƙan gahawarsu yana ta ƙara. Ba wanda ya san mu a wurin, ba mai jin Hausa, ba suruki a bayan bango. Ta ce, "Inna."

Na ce, "Na'am."

"Da aka kai ni yaye gidan Kaka, sai yaushe aka dawo da ni?"

"Ai kin sani. Sai da kika isa shiga makaranta."

"Na sani." Ta juya cokali a shayinta. "Ke ya kika yi?"

Ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambaya, har Babansu. Na ce, "Yadda kowa ke yi. Na yi shara, na yi daka." Ta ci gaba da jira. Na ce, "Sai dai in na je ɗiban ruwa nakan daɗe a bakin rijiya."

Hawaye ya ɗiga a kan littafin, ta sa bakin hijabi ta goge takardar, ba idon ba. Ta ce, "Da aka dawo da ni ban san ki ba. Matar gidan nan nake ce miki."

"Na tuna."

"Inna, shi ma haka zai ce mini."

Na ce, "Ke fa kika ce to a waya."

"Baba ne a kan layi, ga Hajiya tana ji. Me zan ce?"

"Karatun fa? Kin kai ƙarshe ki zubar?"

"Ba zan zubar ba. Mai riƙe mini shi da rana kawai na rasa, har in gama jarrabawa. Bayan nan ai ina gida."

Na ce mata ta share idonta Larabawa na kallo, alhali ba mai kallonmu. Ta koma karatunta, ni kuma na shanye gahawar tas, har da ta ƙasan da ta huce, tunda an biya. Muka zauna har rana ta yi sanyi. Ma'aikacin ya zo ya goge teburin da ba datti, ya sake dawowa ya goge, muka gane muka tashi.

Da Malam Nasiru ya zo cin abinci na tsaya daga ƙofar madafi, shi yana falo kansa a ƙasa. Na ce, "Malam, ina da magana."

"Allah ya ƙara girma, Inna."

"Yaron nan a nan zan yaye shi. A ɗaga mini tikiti sai an gama jarrabawa. Kuma ni kaɗai zan koma."

Sai ya ce, "Hajiya fa?"

"Ka faɗa mata gaskiya, ka ce ni na ce. Sauran ka bar ni da ita."

Na ji ya sauke numfashi. Ya ce, "Wallahi Inna, ni ma…" bai ƙarasa ba, ya ce Allah ya saka da alheri.

Babansu ya fi wuya. Da na kira shi a waya ya ce, "Ke da kika je ɗauko yaro sai ki tare? Wa zai riƙe gidan?" Na ce 'yan matan sun girma, tuwo ba zai gagare su ba. Ya ce magana ce fa aka yi da mutane. Na ce na sani, amma na ga abin da ba a gani ta waya. Daga ƙarshe ya ce, "To, Allah ya sa haka ne alheri." Hajiya Gambo kuwa da ɗanta ya faɗa mata, ta ce to, ta kashe wayar. Daga ranar in ya kira ta ba ta ƙara cewa a ba ni mu gaisa ba.

Aka yi yaye a Alƙahira. Malam ya yi addu'a a dabino aka ba yaron. Kwanakin farko mun sha kuka, ni da shi a falo, uwar a ɗaki ta rufe ƙofa, ban san wanda ya fi wani ba. Ummu Sayyid ta kawo wani ganye mai ɗaci a shafa a nono, ashe su ma sun san wannan, ta kawo kuma shinkafa da madara mai sanyi wadda ya fi so a kan kununa. Kafin mako ya zagayo ya haƙura. Da safe uwar ta tafi makaranta, ni da shi mu zura kwando mu sayi burodi. In ta dawo ya ruga ya riƙe ƙafarta, sai in tuna ina da aiki a madafi.

Shagon gahawa kuwa bai fasa halinsa ba. Kafin in taho sun sake liƙa sabuwar takarda, Malam ya sake yin mita, ita kuma ta rage zuwa sai ranar da wuta ta tafi kuma takarda mai wuya na gabanta. Ni ban sake shiga ba.

To masu tambaya ko ta ci kuɗinta, ga amsata. Ita gahawar ba ta ci ba. Shayin mai shayin bakin tasharmu ya fi ta daɗi nesa ba kusa ba, kuma wanda ya mayar da ita abin kullum, yana cin tallafin karatu, zai ga ƙarshen aljihunsa. Malam Nasiru yana da gaskiya. Ita ma Yayarsu tana da tata, don a duk unguwar ba inda mace za ta zauna da littafi cikin sanyi ba a dame ta ba sai can, masu shagon kuma sun san haka, shi ya sa suke ƙari ba fargaba. Ni dai nawa kofin guda ɗaya ne a rayuwata, kuma ban yi da-na-sanin kuɗinsa ba.

Ta gama jarrabawa lafiya. Lokacin garin ya fara ɗaukar zafi, ga dogayen layukan mai, ga maganar zanga-zanga a bakin kowa, Malam ya ce gara in tafi kafin azumi. A filin jirgi Halifa yana kafaɗar uwarsa, a gabana, ba ta sauke shi ba. Na ce masa, "Na sake ka, je ka auri Balarabiya." Ya miƙo hannu yana kiran Hagga.

Na sauka Kano na tarar damina ta kankama, hanyar Kazaure duk ta yi kore. Gida ya cika da 'yan sannu da zuwa har magariba. Daga gidan Hajiya Gambo ba wanda ya zo.

Washegari da safe, kafin in buɗe wa kowa tsaraba, na ɗauki doguwar rigar da ɗanta ya saya mata da man zaitun na gwiwa da hoton yaron, na tafi. Na same ta a tabarma ta miƙe ƙafa. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa a taƙaice, idonta yana kan bayana inda goyo zai kasance. A kusurwar ɗakin na ga 'yar sabuwar katifa, ko ledarta ba a cire ba.

Na ce, "Hajiya, ni na yi laifin, ba su ba. Na zo ki yi mini faɗa."

Na ajiye rigar da man, ba ta duba ba. Na miƙa mata hoton. Ta karɓa, ta nisanta shi daga idonta, ta matso da shi, ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Ya rame."

"Bai rame ba, Hajiya, tsawo ya yi."

"Kunnen Nasiru ne."

"Har da taurin kan."

Ta ɗaga matashinta ta sa hoton a ƙarƙashi. Sannan ta ɗaga murya ta ce a dama fura, ta dube ni ta ce, "Tashi daga durƙuson nan ki zauna sosai. Me yake ci?"